Alƙali Sorley da Dokar Shekara Biyar

A kwarin Corliss ba a cika tambayar mutum shekarunsa ba, shekarar ruwansa ake tambaya. Rafi ɗaya tal muke da shi, wanda yake saukowa daga duwatsu idan dusar ƙanƙara ta narke. Duk mai gona yana da magudanar da ubansa ko kakansa ya haƙa daga rafin nan, da ƙyauren ƙarfe a bakinta. Ƙa'idar kuwa ko yaro ya san ta: wanda ya riga haƙawa shi yake riga sha. Da an shiga watan Yuli ruwa ya ja baya, mai rabon ruwa zai hau dokinsa ya bi gaɓar rafi yana garƙame ƙyauren mutane da kwaɗo, yana farawa daga waɗanda suka zo a baya. Shi ya sa za ka ga dattijo ya manta ranar haihuwar 'yarsa, amma ko daga barci ka tashe shi zai gaya maka ruwan gidan Dahlke na 1881 ne, na gidan Ostby na 1893. Saurayi ma idan ya je neman aure, kafin a tambayi cocin da yake zuwa an riga an binciko shekarar magudanar ubansa.

Ruwan gidan Sorley na 1899 ne, wato su ne wutsiya. A shekarar ce Tobias Sorley ya iso kwarin da keken doki, da mata, da ɗa ɗaya mai shekara goma, Emmett. Bai yi sa'a ba ko kaɗan, domin akwai wani kamfanin filaye na mutanen gabas da yake riƙe da ruwan 1884. Kamfanin nan ba ya noma ko da taki ɗaya. Tara ruwan yake yi a wani tafki yana jiran ranar da ƙasa za ta yi daraja. Kowace shekara sai a kulle ƙyauren Tobias, ciyawar shanunsa ta bushe a tsaye, ruwa kuma yana wucewa ta ƙofar gidansa zuwa tafkin da agwagin daji suke wanka. Tobias ba mai zagi ba ne. Yakan tsaya a bakin rafi da shebur a kafaɗa ya yi ta kallo, sannan ya koma gida ya ci dankalinsa.

Emmett ya taso siriri, mai tsukakken baki, dariyarsa sai an yi da gaske. Noma bai karɓe shi ba, shi ma bai nace ba. Abokinsa ɗaya ne tun daga makarantar firamare, Virgil Dahlke, ɗan gidan da ya fi kowa tsohon ruwa, ƙato mai faɗin ƙirji da son raha. Virgil ne ya laƙaba masa Ɗan Wutsiya. Da wani ne ya kira shi haka, da an kai ruwa rana, amma daga bakin Virgil sai kawai ya amsa.

Yana da shekara ashirin da ɗaya ya shiga ofishin wani tsohon lauya a saman shagon kayan ƙarfe, ya yi shekara uku yana shara yana kwafe takardu yana karanta littattafan doka bi da bi. A 1913 ya ci jarrabawa ya zama lauya. Shari'o'insa na farko duk irin namu ne: saniyar wane ta fasa shingen wane, wane ya rotse wane da shebur a bakin magudana. Ba shi da zaƙin baki, amma babu wanda ya kai shi sanin takardun ruwa, kuma idan ya riƙe magana ba ya saki. Ya auri wata malamar makaranta, Opal, wadda ta ce ta zaɓe shi ne don shi kaɗai ne namijin da yake bari ta kai ƙarshen magana kafin ya ce ba haka ba ne.

A 1920 ya tsaya takarar majalisar dokokin jiha. In don jawabinsa ne da ko ƙuri'ar surukarsa bai samu ba, domin yakan tsaya a gaban manoman da suka yini a gona ya yi ta jero musu shekaru da sassan doka har wasu su fara gyangyaɗi. Virgil ne ya ɗauke shi a tsohuwar motarsa gona-gona. Idan Emmett ya gama, sai Virgil ya miƙe.

"Jama'a, kun ji shi dai, kun kuma yi haƙuri. Ku zaɓe shi. In bai samo muku ruwa ba, aƙalla za mu huta da ganin fuskarsa wata biyu."

Mutane su yi ta dariya, Emmett yana gefe ya sha kunu. Haka ya ci zaɓe.

Ƙudiri ɗaya ya kai shi babban birni, kuma gajere ne. Duk wanda ya yi shekara biyar a jere bai ɗaga ƙyaurensa ya sa ruwansa a gonarsa ba, ya rasa ruwan, na bayansa a layi ya gaje shi. Kamfanoni suka tashi haiƙan. Da suka ga ba za su iya kashe ƙudirin ba, sai suka nemi a ƙara masa layi ɗaya, cewa dokar ba za ta hau kan wanda yake da uzuri mai ƙarfi ba. Layin ya yi wa mutane da yawa daɗin ji, har da na ɓangarensa. Wani tsohon ɗan majalisa, makiyayin tumaki, ya tare shi a matakala.

"Yaro, ka sassauta. Akwai ciwo, akwai mutuwa, akwai matar da miji zai bari da ƙananan yara. Bar musu 'yar ƙofa."

"Duk ƙofar da na bar wa matar mamaci," in ji Emmett, "lauyan kamfani ne zai fara shigowa ta nan, da takardar likita a hannu."

Ya tsaya ƙememe. Sai da aka yi zama biyu ana ja, a 1923 dokar ta wuce da ƙuri'u kaɗan, babu layin uzuri. Kamfanin filaye ya rasa ruwansa, aka fasa tafkin. A Agustan shekarar da ta biyo baya ruwa ya shiga gonar Tobias Sorley, karo na farko a wannan wata. Tsohon ya dogara sanda ya je ya gani, ya daɗe a tsaye, sannan ya dubi ɗansa ya ce ya makara da shekara ashirin da biyar. Iyakar godiyar da Emmett ya samu ke nan, kuma ta ishe shi. A kwarin, mutane suka sa wa dokar suna Dokar Kamfanoni, kowa yana alfahari da ita kamar shi ya rubuta.

Emmett ya yi zama uku a majalisa, ya dawo ofishinsa, a 1934 aka zaɓe shi alƙalin gunduma. Nan halinsa ya samu wurin zama. Ko ƙwai ba ya karɓa daga hannun kowa. Wata tsohuwa ta taɓa ajiye masa kek ɗin tuffa a ƙofar gida, ya sa magatakardan kotu ya mayar mata, ta yi shekara biyu ba ta gaishe shi a coci ba. Babbar ƙa'idarsa ita ce alƙali ba ya ba da shawara. Idan ka tare shi a shagon aski ka fara da cewa akwai wata 'yar magana ta doka, sai ya ɗaga tafin hannu ya tambaye ka lafiyar shanu. Abu ɗaya ne bai canza ba: Lahadin farko ta kowane wata, bayan an tashi daga coci, shi da Opal suna cin abincin rana a gidan Virgil. Hulda matar Virgil ta soya kaza ta dafa dankali, Virgil ya yi ta zolayarsa, shi kuma ya yi ta ci.

Sai yaƙi ya zo. Virgil yana da 'ya'ya maza biyu, Delmar da Wendell, kuma a farkon 1942 duka biyun suka tafi soja. Virgil ya haura hamsin, ga ciwon ƙugu da ya samu tun da doki ya kayar da shi, ga babu ɗan ƙwadago ko na magani a duk kwarin. Ban-ruwan babbar gona aiki ne na mai ƙarfi, a yini cikin taɓo da takalman roba ana toshe nan ana buɗe can. Ya sayar da yawancin shanunsa ya bar gonar ta huta. Maƙwabcinsa na ƙasa, Nils Ostby, mai ruwan 1893, ya daɗe yana son dasa tuffa, ruwan Agusta ne ba shi da shi. Suka haɗu a bakin shinge.

"Ƙananan itatuwa ba sa jure ƙishirwa, Virgil. In na dasa, aka yanke mini a tsakiya, na shiga uku."

"Dasa abinka. Ruwana duka naka ne har yaran su dawo. Ko ɗigo ba zan taɓa ba."

Suka yi musafaha, shi ke nan. A wurinmu idan maƙwabci ya ba ka hannu ka ce a rubuta, ka zage shi. Virgil ya sauke ƙyaurensa, ruwan ya riƙa wucewa zuwa gonar Nils, aka dasa tuffa ɗari shida. Bai taɓa kawo dokar shekara biyar a ransa ba, shi da ya ƙone man motarsa wajen yi mata yaƙin neman zaɓe. A saninsa dokar kamfanoni ce, shi kuwa ba kamfani ba ne.

Alƙali Sorley ya kawo ta a ransa. Kowane wata motarsa tana haye gadar katako da ke kan magudanar Dahlke, yana ganin ciyawa ta cika ta, kuma mutum ne da ba ya iya ganin abu bai ƙirga ba. Shekara ɗaya, biyu, uku. Ya gaya wa kansa yaƙin zai ƙare kafin lokaci ya cika. A shekara ta huɗu ya shirya zai yi magana, ya ma tsara yadda zai faɗe ta ba tare da ta zama shawara ba. A makon ne takardar sojoji ta iso cewa an kashe Wendell. Ya je gidan, ya zauna a falo da hularsa a gwiwa, ya ga ba ranar zancen magudana ba ce. Delmar kuma ya samu mummunan rauni, ana ta yawo da shi daga asibitin soja zuwa wani. A ƙarshen shekarar Nils Ostby ya rasu, matarsa ta sayar da gonar ga wani baƙo daga gabas, Garland Pruitt. Virgil bai ɗaga ƙyaurensa ba, domin cewa ya yi har yaran su dawo, kuma babu wanda ya dawo.

A shekara ta biyar, wata Lahadi a watan Yuni, suna tsaye a baranda bayan cin abinci, alƙali ya yi gyaran murya.

"Magudanarka ta bushe, Virgil."

"Ai ina da ido, Ɗan Wutsiya. Kai da ba ka san kan shebur daga gindinsa ba, yau kai ne malamin gona?"

 Abin da ya rage Emmett ya faɗa jimla ɗaya ce, amma jimlar shawara ce ta doka, kuma shekara goma sha biyu yana ɗaga wa mutane hannu a kan irinta. Hulda ta kira su shan kofi, suka shiga.

Delmar ya dawo bayan an gama girbin 1946, yana ɗingishi amma da ransa. Da ƙanƙara ta narke a 1947 ya share magudana, ya zuba mai a ƙyauren da ya yi tsatsa, ya ɗaga shi. Kwana tara bayan haka Pruitt ya shigar da ƙara. Ba za a ce mugu ba ne. Ya sayi lambun da ruwa yake shiga, ya karanta doka kafin ya saya, babu wata takarda da ta ambaci musafahar da aka yi a bakin shinge, kuma a shekarar ce itatuwan za su fara 'ya'ya. Idan ruwan ya koma gidan Dahlke, tuffa ɗari shida sun mutu. Idan ya tsaya a wurin Pruitt, gonar Dahlke ta zama fili kawai, Delmar kuma ya dawo daga yaƙi bai tarar da komai ba.

Opal ta samu mijinta da maganar da safe yana ɗaura igiyar takalmi.

"Ka janye daga shari'ar nan, Emmett. A kawo alƙalin gundumar gaba. Kowa ya san abokinka ne, ba mai ganin laifinka."

"In ya zo, dokar zai karanta. Minti goma ya gama."

"To, kai wata dabam za ka karanta?"

Ya wuce kotu. Ya kira lauyoyin ɓangarorin biyu, ya gaya musu abin da suka riga suka sani game da shi da Virgil, ya ce duk wanda yake son ya janye daga shari'ar ya faɗa. Lauyan Pruitt, wani gogagge daga babban birni, ya yi murmushi ya ce ai ba su da alƙalin da ya fi wanda ya rubuta dokar. Gaskiyar magana, Emmett ya zauna ne don yana ganin akwai mafita guda, kuma baƙon alƙali ba zai wahalar da kansa nemanta ba. Dokar ta ce shekara biyar a jere. In har an ɗaga ƙyauren nan ko na yini ɗaya a tsakani, ƙirga ya koma farko, ruwan Virgil yana nan.

Duk garin ya san da wannan mafita. Maƙwabta uku sun je sun samu lauyan Virgil, kowannensu ya ce yanzu da ya yi tunani sosai, kamar ya ga ruwa a magudanar Dahlke a 1944. Ɗaya daga cikinsu dattijon coci ne. Virgil ya ji labari, ya ce wa lauyansa in ya kira ko ɗaya daga cikinsu shaida, to shi lauyan ya nemi wani aikin.

Ranar shari'a kotu ta cika har bakin ƙofa, manoma sun bar aiki a tsakiyar watan Mayu, abin da ko don jana'iza ba kowa yake yi ba. Shari'ar ruwa alƙali ne kaɗai yake yanke ta, babu masu taya shi. Virgil ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse, ya zauna a kujerar shaida cikin kwat ɗin da ya sa ranar addu'ar Wendell. Lauyoyi suka gama tambayoyinsu, ya ba da labarin Nils da musafaha tiryan-tiryan. Sai alƙali ya ce shi ma yana da tambaya.

"Mista Dahlke, daga farkon 1942 zuwa ƙarshen 1946, ka taɓa ɗaga ƙyaurenka?"

"A'a, Ya Mai Shari'a."

Alƙali ya juya alƙalaminsa, ya dubi takardun da ke gabansa.

"Lokacin yana da tsawo, mutum yana mantuwa. Kotu tana sane da cewa matarka tana da ɗan lambun tumatir a bayan gida. Ba a taɓa sako masa ruwa daga magudana ba?"

"Da bokiti take ɗebowa daga rijiya. Ga ta can a zaune, a tambaye ta. Har yau kafaɗarta ba ta daina ciwo ba."

Wani a baya ya yi tari mai ƙarfi, wani ya taya shi. Dattijon cocin nan yana ta gyaɗa wa Virgil kai kamar mai korar ƙuda. Lauyan Pruitt ya ɗan ɗaga daga kujera, ya dubi fuskar alƙali, ya koma ya zauna. Emmett ya cire tabarau. Waɗanda suke gaba sun ce gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Virgil," ya ce, kuma ba a taɓa jin ya kira wani da sunansa na yanka daga kan kujerar nan ba. "Ka yi tunani da kyau. Ko na awa ɗaya ne. Ko don a wanke magudanar. Ko wani ne ya ɗaga ba kai ba."

Virgil ya juyo gaba ɗaya ya fuskance shi. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Na ce wa Nils ko ɗigo ba zan taɓa ba. Yana kwance a bayan coci, ba zai iya zuwa ya faɗi nasa ba. Tambayata kake ko na cuce shi?"

 Alƙali ya mayar da tabaransa, ya ce shaida zai iya sauka.

Mako guda ya yi yana juya littattafai, na jiharmu da na maƙwabta, yana neman inda wani alƙali ya taɓa samun hanya. Ya samu da yawa, amma duk a jihohin da dokarsu take da layin uzuri. Tasa ba ta da shi, ya san kuma dalili. Hukuncin shafi huɗu ne, shi ya karanta da bakinsa. Ruwan 1881 ya faɗi, Pruitt ya hau gaba. A shafi na ƙarshe ya rubuta cewa kotu ba ta taɓa ganin shaida mai gaskiyar wanda ake ƙara ba, kuma doka ba ta ba kotu ikon saka masa da komai ba. Washegari mai rabon ruwa ya je ya sa kwaɗo a ƙyauren Dahlke, ya ce a shekara ashirin da yake aikin nan ran nan ne kaɗai ya ji kunyar dokinsa.

Sauran tarihin alƙali ba shi da tsawo. Ya zaci mutane za su kayar da shi a zaɓen 1948, Opal ma ta ce kamar so yake a kayar da shi. Sai ya samu ƙuri'un da bai taɓa samu ba. Mutanen da suka daina gaishe shi su ne suka zaɓe shi, suna cewa wanda bai ɗaga wa Virgil ƙafa ba, babu wanda zai saye shi. Sau biyu yana rubuta wa majalisa wasiƙa a gyara dokar, sau biyu ƙungiyar ƙananan manoma tana hana a taɓa ta, don suna tsoron kamfanoni su dawo. Ya sauka daga kujera a 1956, ya rasu a 1961. Jaridar gunduma ta ba shi rabin shafi, ta jera muƙamansa da shekarunsu daidai, wanda da ya gani da ya ji daɗi.

Abin da jaridar ba ta sani ba, Opal ce ta ba da labarinsa bayan ta tsufa. Gona babu ruwa ba ta riƙe iyali. Delmar ya samu aiki a tashar jirgin ƙasa a wani gari mai nisa, aka shirya iyayensa su bi shi, aka sa ranar gwanjon kayan gona a watan Oktoba na 1948. A al'adarmu kowa yana zuwa gwanjon maƙwabci ko ba zai sayi komai ba, matan coci su kafa tebur su sayar da kofi da kek. Tun ranar hukunci alƙali bai taka gidan ba. Ran nan ya sa hularsa ya ce wa Opal ta shirya.

Da suka iso, mutane suka dare suka ba shi hanya ba tare da sun dube shi ba. Ya tarar da Virgil a bayan rumbun ciyawa, zaune a kan keken doki, yana kallon ana fito da garmuna.

"Emmett," in ji Virgil. "Ka rame. Opal ta daina ba ka abinci ne?"

Alƙali ya tsaya riƙe da hula. Ya shirya magana tun daga gida, duk ta gudu.

"Ya kamata in gaya maka tun ana shekara huɗu. Na ƙirga, na sani, na yi shiru."

"Ko ka faɗa ba zan ɗaga ba. Yaron bai dawo ba a lokacin."

"Hukuncin kuwa..."

"Hukuncin daidai ne. Ni na yi yawo da kai a kan dokar nan, ban ce a cire sunana a ciki ba. Wata mai zuwa ma kai zan zaɓa, in muna nan." Ya sauko daga keken a hankali saboda ƙugunsa, ya karkaɗe wando. "Ban riƙe ka da ruwa ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, tun da ka zo gara in faɗa. Kusan shekara hamsin ka san ni. Na ba ka amsa sau ɗaya, hannuna bai daɗe da sauka daga kan Littafi ba. Ka sake tambayata. Ka kuma sakewa. A gaban Hulda, a gaban ɗana, a gaban duk garin nan."

"Hanya nake nema maka, Virgil."

"Na san abin da kake nema. Su Pruitt ba su san ni ba, ba komai. Kai ne ka zaci zan karɓa."

Daga gaban gida mai gwanjo ya kira sunan Virgil, an zo kan dawakai, ana son ya faɗi shekarunsu. Virgil ya taɓa bakin hularsa ya gaida Opal, ya tafi yana jan ƙafa. Bayan kwana goma suka bar kwarin, kuma su biyun ba su sake haɗuwa ba.

Opal ta ce a shekara talatin da ɗoriya na aurensu ta ga mijinta cikin fushi, ta gan shi cikin baƙin ciki, amma ba ta taɓa ganin kunya a fuskarsa ba sai ran nan. Ya daɗe tsaye a bayan rumbun. Da suka zo wajen mota, ya miƙa mata makulli ya zagaya ɗaya gefen, ita ta tuƙa su gida.